Rini a labo: inda sakamako ke lalacewa tun ido bai kai kan mikroskop ba

Daga watan Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da hazo ke janyewa zafi na kama gari, babu abin da ke sa ma'aikacin labo a Yamai ko Tawa ya ajiye aikin da ke hannunsa kamar ɗan tib na ruwan ƙashin baya. In ya zo garau kamar ruwan sama, hankali kan ɗan kwanta. In ya zo gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa, to akwai yaro can ɗakin gaggawa da wuya a sanƙare, ana zargin sanƙarau, lokotoro ya riga ya fara masa allura, yana jiran labo ta faɗa masa wace ƙwaya ce. Amsar farko na fitowa ne daga rinin Gram, aikin da bai kai minti goma ba, wanda wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Hans Christian Gram ya fitar a 1884.

A ganina, ƴan uwa ma'aikatan labo da ku masu koyon aiki, ba a kan mikroskop ake yawan ɓata sakamako ba. A bakin wurin wanki ake ɓata shi, wajen shafa samfur, wajen kafe shi, wajen ruwa da agogo. Ido komai ƙwarewarsa abin da aka ba shi zai karanta. Kuma yanayinmu na zafi da ƙura da ɗaukewar kuran yana ƙara wa kowane mataki wata matsala da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su damu da ita ba.

Mu fara da Gram ɗin. Ana shafa samfur siriri a kan lam mai tsabta, wato ɗan gilas ɗin da ake sa wa a mikroskop, a bar shi ya bushe da kansa. Sai a kafe shi, ko dai a gitta lam ta cikin harshen wuta sau uku da sauri, ko a zuba masa metanol minti ɗaya. In da wuta aka yi, a taɓa lam a bayan hannu: ɗumi ake so, in ya ƙona fata to ya ƙona ƙwayoyin ma. Daga nan a rufe shi da biyole na jansiyan minti ɗaya, a ɗauraye da ruwa a hankali, a zuba Lugol, wato ruwan iyod, minti ɗaya, a sake ɗaurayewa. Sai matakin da ke raba gardama, wato wanke launi da alkol mai digiri 95 ko alkol haɗe da aseton. A karkata lam, a riƙa ɗiga alkol har ruwan da ke gangarowa ya daina fitowa da shuɗi, abin da kan ɗauki daƙiƙa 10 zuwa 30 da alkol zalla, da aseton kuwa daƙiƙa kaɗan ne ƙwarai. Nan take a tsayar da shi da ruwa. A ƙarshe a zuba safranin, ko fuksin da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, a ɗauraye, a jingine lam ya bushe, a ɗiga mai, a duba da objektif 100.

Wanda ya san dalilin kowane mataki ba ya buƙatar a yi ta tuna masa. Lugol na haɗuwa da biyole ne su zama dunƙule babba a cikin ƙwayar. Bakteriyar da ke da bango mai kauri, in alkol ya taɓa ta, bangon ya kan tsuke ya riƙe dunƙulen, sai ta tsaya da launinta na shuɗi mai duhu: ita ce Gram pozitif. Wadda bangonta siriri ne, da fatar maiƙo daga waje, alkol na narkar da maiƙon, launin ya zube, sai ta ɗauki jan ƙarshe: ita ce Gram negatif. Ke nan bambancin duka ya rataya a kan daƙiƙun nan na alkol. Ka wuce lokaci, pozitif ya koma ja. Ka gaza, negatif ya tsaya shuɗi. Shafi mai kauri kuma yana haɗa kuskuren biyu a lam guda, gefe ya wanku fiye da kima, tsakiya bai wanku ba.

Akwai shaida da samfurin kansa ke bayarwa, wadda ya kamata kowa ya duba kafin ya nemi bakteriya. A mugunya, kaki ko ruwan ƙashin baya, ƙwallon cikin fararen ƙwayoyin jini dole ya fito ja ko ruwan hoda. In ka gan shi shuɗi, alkol bai isa ba, kada ka karanta lam ɗin, sake wani. Ban da wannan, duk lokacin da aka buɗe sabuwar kwalbar rini, a rina lam ɗin shaida mai ɗauke da stafilokok da Escherichia coli tare. Na farko ya fito shuɗi kamar nonon inabi, na biyu jajayen sanduna.

Zafinmu na cin Lugol. Sabo launinsa kamar shayi mai ƙarfi yake. In ya sha rana da zafi a kan tebur sai ya koɗe ya koma rawaya, ba ya iya ɗaure biyole, sai ka ga komai na fitowa ja. A ajiye shi cikin kwalba mai duhu, a rufe ruf. Biyole shi kuma yana yin gari-gari a ƙasan kwalba, kuma garin nan in ya zauna a lam yana kama da ƙananan kok, wato bakteriya masu siffar ƙwallo, ya ruɗi mai duba. Maganinsa takardar tacewa. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, rinin da aka ɗiga kaɗan yana bushewa a kan lam kafin minti ya cika, saboda haka a malale lam ɗin gaba ɗaya, kada a yi rowa. Haka nan ƙwayar da ta kwana biyu a kan abincin shuka, wato inda ake renon ƙwayoyi a labo, ko wadda magani ya riga ya taɓa, bangonta ya raunana, tana iya sakin launi ko da hannunka daidai yake.

Ruwan ƙashin baya yana da nasa dokoki. Ba a sa shi a firigo, domin meningokok, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, ba ya jure sanyi, kuma ba a barinsa ya wuce awa ɗaya ba a taɓa shi ba, don fararen ƙwayoyin na fashewa. A fara ƙirga ƙwayoyin jini a ruwan yadda ya zo, sannan a juya shi a injin minti 10 zuwa 15. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ake shafawa a kuma shuka, ruwan saman a ajiye don gwajin lateks. A nan metanol ya fi wuta, don ba ya ɓata siffar ƙwayoyin. Meningokok zai fito ja, biyu-biyu, suna fuskantar juna kamar ɓarin wake biyu, sau da yawa a cikin farar ƙwayar jini. Pnemokok shuɗi ne, shi ma biyu-biyu, amma da ɗan tsini kamar harshen kyandir. Hemofilus ƙananan jajayen sanduna ne gajeru, masu saurin ɓacewa a idon da ke gaggawa. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne pnemokok da aka wanke fiye da kima: ya koma ja, biyu-biyu, a rubuta meningokok, alhali ba shi ba ne. A dubi siffa, kada a tsaya ga launi kaɗai.

Gram ba ya faɗin rukunin meningokok, kuma a nan Nijar rukuni ba ƙaramin abu ba ne. Da can rukunin A ne ke kawo manyan annoba, har aka fara rigakafin MenAfriVac a 2010. A 2006 rukunin X ya bayyana da ƙarfi a yankin Yamai, a 2015 kuma rukunin C ya kwantar da dubban mutane. Allurar da za a kawo wa gari ta dogara ga harafin da labo ta tabbatar. Gwajin lateks irin Pastorex na taimakawa: a dafa ruwan saman minti 3 a digiri 100, a sake juyawa, a ɗiga a kan kati tare da kowane lateks, a riƙa jujjuya katin har minti 10, a nemi inda ya yi gudaji. Wanda ya tsallake dafawar zai ga gudaji na ƙarya. Kuma kayan na son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, sannan babu rukunin X a cikinsu. Shi ya sa duk inda aka ɗebi ruwan, ko a CSI na ƙauye ne, ya kamata a zuba mililita 1 cikin kwalbar Trans-Isolate, mai riƙe ƙwayar da rai a hanya, a aika, sauran kuma a tib don PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar, a cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, inda ake tabbatarwa. Kwalbar Trans-Isolate firigo take zama kafin a yi amfani da ita, a fito da ita ta huce kafin a zuba, bayan an zuba kuwa ba ta komawa firigo.

Sai tarin fuka. Ƙwayar da Robert Koch ya bayyana a 1882 tana da kakin zuma a bangonta, rinin Gram ba ya shigarta yadda ya kamata, sai an tura launi da zafi, in kuma ya shiga ko asid ba ya fitar da shi. Wannan shi ne tushen rinin Ziehl-Neelsen, kuma dalilin sunan BAAR, wato ƙwaya mai jure asid da alkol, da muke rubutawa a takarda. Aikin na farawa ne daga kaki. Miyau ba kaki ba ne, kuma bayanin minti biyu ga mara lafiya, ya kurkure baki, ya ja numfashi mai zurfi sau uku, ya yi tari daga ƙirji a fili inda iska ke kaɗawa, ya fi duk wata dabara ta rini. A zaɓi wurin da ya fi kauri da rawaya, a shafa shi kamar santimita 2 a tsawo da 1 a faɗi, a riƙa murzawa da ƴan da'irori. In ya bushe, a ɗaga shi a kan rubutun jarida: ana son rubutun ya riƙa ganuwa dishi-dishi. In ba a gani sam, ya yi kauri, zai ɓare wajen wanki. In ana karantawa sarai, ya yi siriri.

Lam sabo kawai ake amfani da shi, don tsohon lam mai karce yana riƙe ja a cikin karcen. Fuksin mai fenol ana haɗa shi da giram 10 na fuksin, mililita 100 na alkol, giram 50 na fenol, da mililita 900 na tataccen ruwa, kuma a tace shi kafin a zuba. A jera lam a kan ƙarfe ba tare da sun taɓa juna ba, a malale su, a bi ƙarƙashinsu da auduga mai wuta har tururi ya fara tashi. Tururi, ba tafasa ba. A bar shi aƙalla minti 5, in ya fara ƙafewa a ƙara. A ɗauraye, a zuba asid sulfurik mai kashi 25 cikin ɗari minti 3, ko alkol mai asid kashi 3, har jan ya tafi. Sai shuɗin metilen minti ɗaya. Wajen haɗa asid ɗin, mililita 250 ake tsiyayawa a hankali cikin mililita 750 na ruwa. Ba a taɓa zuba ruwa a kan asid, yana tafasa ya fantsama a fuska. Ba a goge lam da takarda, ba a taɓa shi da bakin kwalbar mai, kuma bayan kowane lam pozitif a share objektif, domin ƙwayar na iya bin mai ta sauka a lam na gaba, a ɗora wa lafiyayye magani na wata shida.

Kafin a rubuta negatif sai an duba fili 100, wato kusan minti biyar na kallo na gaskiya. In an ga 1 zuwa 9 a fili 100, a rubuta adadin kansa. 10 zuwa 99 a fili 100 gicciye ɗaya ne, 1 zuwa 10 a kowane fili gicciye biyu, sama da 10 a kowane fili gicciye uku. Sai kaki na ɗauke da ƙwayoyi wajen 5,000 zuwa 10,000 a mililita kafin rinin ya kama su, shi ya sa yara da masu ɗauke da ƙwayar sida ke yawan kuɓuce masa. Gwajin na'urar GeneXpert, wanda hukumar lafiya ta duniya ta amince da shi a ƙarshen 2010, ya fi gani, cikin kusan awa biyu, yana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa rifampisin. Amma na'urar ba ta son ɗakin da ya wuce digiri 30, ƙura na toshe mata hanyar iska, kuma tana ganin gawar ƙwaya kamar mai rai. Don haka bibiyar mai shan magani a wata na 2, na 5 da na 6 har yanzu aikin lam ne.

Da damina ta sauka, daga Yuli zuwa Oktoba, aiki ya koma kan masassarar cizon sauro, kuma a nan ruwa ne sarki. Rinin Giemsa yana son ruwa mai pH 7.2. In ruwan ya karkata wajen tsami, komai zai fito jajaja, jikin ƙwayar ba zai yi shuɗi ba. In ya karkata wajen kanwa, lam ya yi shuɗi duhu, ɗigon jan nan da ake gane ƙwayar da shi ya ɓace. Ruwan pampo da na rijiya suna sauyawa daga unguwa zuwa unguwa, daga rani zuwa damina, ba abin dogaro ba ne. Akwai ƙwayar tampo, mai daidaita pH, da ake narkawa a lita ɗaya ta tataccen ruwa. In babu, giram 0.7 na fosfat ɗin potasiyom da giram 1 na fosfat ɗin sodiyom a lita ɗaya suna yin aikin, a auna da takardar pH.

Gut epes, wato ɗigo mai kauri, ana baza shi da kusurwar wani lam ya kai faɗin santimita 1, ba a kuma kafe shi, domin ana son ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin jini ya bar ƙwayar cutar a fili. Shafi siriri shi ake kafewa da metanol, don a ga siffar ƙwayar cikin jinin a gane irinta. In duka biyun na kan lam ɗaya, ko tururin metanol ya taɓa mai kaurin ya lalata shi. Ga kuma tarkon da ya fi kama mu: zafi da kansa yana kafe jini. Lam ɗin da aka shanya a rana, ko a kan taga, ko aka bari ya kwana biyu a ɗaki mai zafi, ba zai fashe ba, zai fito baƙi-ƙirin ba a ganin komai. A shanya a inuwa, a kwance, a rufe da ɗan akwati mai raga, don ƙuda na lashe jini, ƙura kuma na barin ɗige-ɗige. In ana gaggawa, Giemsa kashi 10 cikin ɗari minti 10 zuwa 15. In lam na da yawa kuma akwai lokaci, kashi 3 minti 45 zuwa 60, wanda ya fi kyau ya fi kuma tattalin rini. Abin da aka sirka ba ya kwana, ba ya ma jiran rana ta yi tsaka. Kuma ko ɗigon ruwa ɗaya kada ya shiga uwar kwalbar, jiƙaƙƙen pipet ɗaya ya isa ya kashe ta.

Abin da ake nema ɗan zobe ne shuɗi mai jan ɗigo, kusan kullum Plasmodium falciparum a wajenmu. Sai an ga ja da shuɗi tare ake cewa ƙwaya ce. Jan ɗigo shi kaɗai na iya zama plaket ko datti. Rubuta "pozitif" kawai bai wadatar ba. A ƙirga ƙwayoyin a gaban fararen ƙwayoyin jini 200, in ba su kai 100 ba a ci gaba har 500, sannan a ninka da 8,000 a raba da adadin fararen. Misali ƙwaya 350 a gaban farare 200 ya ba da 14,000 a mikrolita. Da wannan adadi ne lokotoro zai gane gobe ko magani na ci.

TDR, wato gwajin gaggawa na masassarar sauro, ya sauƙaƙa aiki ƙwarai a inda babu mikroskop, ba kuma na raina shi. Amma shi gwajin garkuwa ne, furotin ɗin ƙwayar yake kamawa, ba ƙwayar ba. Irin da ke neman furotin ɗin HRP2 yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an warke, saboda haka yaron da ya sha magani kwana goma da suka wuce ya dawo da zazzaɓi, lam yake buƙata, a kuma nemi wani dalilin zazzaɓin. Jini mikrolita 5 ne, in ya yi yawa sai tagar ta yi ja ta ɓoye layi. Ruwan tampo na kwalinsa kawai, ba na wani kamfani ba, ba ruwan gishiri ba. A karanta a mintin da takardar ta faɗa, galibi 15 zuwa 20. Layin da ya fito bayan awa ɗaya ba sakamako ba ne. In layin shaida bai fito ba, gwajin ya mutu ko me ɗayan layin ya nuna. Kwalin da ya yi wata a ƙarƙashin rufin kwano shi ma abin tuhuma ne. Gwajin sida na gaggawa dokokinsa ke nan, da ƙarin biyu: gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci sai an bi jerin da ƙasa ta tsara, jariri ƙasa da wata 18 kuma garkuwar uwarsa ce a jininsa, PCR ake yi masa.

Wanda ya fi damuna shi ne Widal, gwajin tifoyid. Tun 1896 yake, kuma abin da yake aunawa garkuwar jiki ce a kan sassan O da H na ƙwayar tifoyid. A wurin da mutane suka sha haɗuwa da salmonela iri-iri tun suna yara, mai lafiya ƙalau na iya ba da gudaji, masassarar sauro ma kan ɗaga shi. A makon farko na ciwon kuwa, lokacin da ake buƙatarsa, sau da yawa garkuwar ba ta taso ba tukuna. Ɗigo ɗaya a kan farantin gilas, a ga ɗan gudaji, a rubuta "tifoyid", wannan ya sa mutane da yawa sayen ordonas na antibiyotik da ba su buƙata. In dole sai an yi, a yi shi a tib, a sirka jini daki-daki a rubuta inda gudajin ya tsaya, a sake ɗiban wani bayan kwana 10 zuwa 14, a ga ko ya ninka sau huɗu. Abin da ke tabbatar da tifoyid shuka jini ne: mililita 10 ga babba, kaɗan ga yaro gwargwadon nauyinsa, a makon farko, kafin ƙwayar magani ta farko, bayan an goge fata da alkol an bar ta ta bushe. Kwalbar ta tafi kai tsaye cikin na'urar ɗumi mai digiri 37, a riƙa dubanta kullum har kwana bakwai.